Gamsasshen Bayani a Kan Rataye Jimlar Turanci

Sanannen abu ne a wurin ma'abota ilimi cewa jimla, muddin aka ƙyale ta yadda mai magana ya furta ta, ba a sanin abin da ke cikinta. Ana dai jin ta, a gane nufin mai ita, a mayar masa da amsa, kowa ya kama gabansa. To amma wannan ganewa ce ta gama-gari, wadda yaro ɗan shekara uku ma yake yi ba tare da an biya masa ko kwabo na makaranta ba. Ganewa ta ilimi kuwa ba ta samuwa sai an kwantar da jimlar a kan layi, an raba gaɓoɓinta, an rataye kowace gaɓa a inda ya dace da ita, har ta kai ba mai iya karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. A wannan matsayi ne ake cewa an fahimce ta.

Fannin da ke kula da wannan aiki a Amurka aka haife shi, can ya girma, kuma galibin waɗanda ya wahalar can suke. Kafin zuwansa, da baki ake koyon nahawun Turanci. Lindley Murray, wani lauya haifaffen Amurka da ya koma Ingila da zama, ya fitar da littafin nahawunsa a 1795, makarantu suka rungume shi hannu bibbiyu. Yaro zai miƙe tsaye ya ɗauki kalmomin jimla ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi jinsin kowace, tilo ce ko jam'i, da matsayinta, da ƙa'idar da ta hau kanta. Wanda ya taɓa zama a zaure ya karanta Ajurumiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Li'irabi ne tsantsa: wannan fi'ili ne, wancan fa'ili ne an yi masa rufu'a, na ukun maf'uli ne an yi masa fataha, Zaidu kuma yana ta dukan Amru sama da shekara dubu ba wanda ya shiga tsakani, domin in aka raba su an rasa misali.

Aibin wannan hanya shi ne ba ta barin shaida. Yaro ya gama, ya zauna, magana ta bi iska. In mai duba makarantu ya shigo, babu abin da za a nuna masa. A daidai wannan zamani kuma, cikin ƙarni na 19, baƙin allo ya bazu a azuzuwan Amurka. Ga bango guda baƙi ƙirin, ga alli, ga yara cike da ɗaki. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Wanda ya fara cike gurbin shi ne Stephen Watkins Clark, shugaban wata makaranta a jihar New York. A littafinsa na 1847 ya kewaye kowace kalma da da'ira, ya jera manyan da'irori a sama, ƙananan suna reto a ƙarƙashinsu. Tunanin ba shi da laifi, sai dai duk wanda ya taɓa zana da'ira tukuna sannan ya nemi cusa doguwar kalma a cikinta ya san inda gizo ke saƙa. Bayan shekara talatin, a 1877, malamai biyu na kwalejin fasaha ta Brooklyn, Alonzo Reed da Brainerd Kellogg, suka fitar da littafin Higher Lessons in English, suka kori da'ira suka kawo miƙaƙƙen layi, wanda ko mai rawar hannu zai iya ja in an ba shi rula. Tsarinsu ne ya zauna, da sunansu ake kiran sa har yau. Ya kamata a faɗakar da mai karatu cewa wannan Kellogg ba shi ne mai kamfanin soyayyar masara ta karin kumallo ba. Wancan Will Keith Kellogg ne na Battle Creek a jihar Michigan, a 1906 ya kafa nasa kamfanin, kuma abin da yake sayarwa ana iya haɗiye shi da madara.

Yanzu sai yadda ake aikin. A ɗauki jimla mai lafiya wadda ba ta da wata larura, kamar "The tired farmer sold his mule", wato gajiyayyen manomi ya sayar da alfadarinsa. Da farko a ja layi a kwance. Wannan shi ne ƙashin bayan zane, kuma ba kowace kalma ke hawansa ba. Daga hagu a ɗora aikau, farmer. Sai a ja layi a tsaye wanda zai ratsa kwantaccen layin ya fita ta ƙasa, a rubuta aikatau, sold, a damansa. Sai a sake jan wani layin a tsaye, amma shi wannan ba a yarda ya ratsa ba. Yana sauka kan kwantaccen layin sai ya tsaya cak. Bayansa a rubuta karɓau, mule. Bambancin layin da ya ratsa da wanda bai ratsa ba bai wuce faɗin farce ba, amma a kansa ake cin jarrabawa, a kansa ake faɗuwa.

Kalmomi uku ke nan sun samu wurin zama. Saura uku, the da tired da his, kuma su ba su da kujera. Ana jan layi a karkace daga ƙarƙashin kalmar da suke yi wa hidima, a rubuta su a jikinsa suna gangarawa. The da tired a ƙarƙashin manomi, his a ƙarƙashin alfadari. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauci da hantsi ya ga kwatankwacin abin: gungumen nama a kan teburi, kayan ciki da ƙananan yanka a rataye jikin ƙugiyoyi, kowane a inda mai saye zai gan shi, ba abin da ya ɓace daga dabbar in ban da tafiya.

Daga nan hukunce-hukunce suke yawaita. In aikatau na alaƙa ne, kamar a "The mule is stubborn", kalmar da ke bayan is ba karɓau ba ce, domin ba a yi mata komai ba, siffanta alfadarin take yi. Saboda haka layin da ke gabanta ba ya miƙewa, jingina yake yi baya, ya karkata wajen aikau, yana nuna wanda ake zance a kansa. In aka ce manomi ya ba alfadari ruwa, ruwan ne ke hawa babban layi, shi kuwa alfadarin da ya sha sai a sauke shi ƙarƙashin aikatau, a kan wani ɗan layi da ke maƙale da karkataccen layin da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Yankin da ya fara da harafi irin in ko with ko under, harafin yana gangara a karkataccen layi, sunan da ke biye da shi ya kwanta a ƙasa, shi ma in yana da masu yi masa hidima a rataye su ƙarƙashinsa, su ma in suna da nasu haka, har inda takarda ta ƙare. Aikau biyu a jimla ɗaya, layi sai ya rabe biyu, mahaɗin da ke tsakaninsu ya zauna a kan layi mai ɗigo-ɗigo. In ganga guda ce take aikin suna, ba ta shiga gurbin kalma ɗaya, don haka ana kafa mata gwafa a kife a kan babban layi, a ɗora ta can sama. Aikatau da ya koma suna ta hanyar ɗafa masa ing a wutsiya kuma matakala ake yi masa, ya sauko a kanta.

Akwai mas'ala ɗaya da ya kamata a ɗan dakata a kanta, domin a nan ne malaman Brooklyn suka haɗu da malaman zaure ba tare da sun san juna ba. In aka ce wa mutum "Sit", wato zauna, jimla ta cika amma babu aikau a fili. Layin hagu kuwa ba a barin sa wayam. Hukuncin shi ne a rubuta you a cikin baka biyu, alamar cewa yana nan ko da ba a ambace shi ba. Masu li'irabin Larabci sun riga su da ƙarnoni: fa'ilinsa lamiri ne ɓoyayye, ƙaddarawarsa kai. Ashe duk inda aka yi nahawu da gaske, sai an tanadi wuri domin wanda bai zo ba.

Akasin haka ya faru da waɗanda suka zo amma ba a san inda za a ajiye su ba. Kalmar motsin rai, irin oh da alas, da sunan wanda ake kira, ba su da alaƙar nahawu da kowa a cikin jimla. Sai a ja musu ɗan layi a sama, can gefe, wanda bai taɓa komai ba, a bar su suna shawagi. Ke nan in mutum ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira cewa gida ya kama da wuta, gidan da wutar suna kan babban layi, ɗan'uwan da ake son ya fito kuwa yana sama shi kaɗai, ba ruwan jimla da shi. Wannan daidai ne a ilmance.

Masu sukar fannin suna yawan kawo maganar jerin kalmomi, kuma gaskiya ne zane ba ya riƙe jeri. "Yesterday the farmer sold his mule" da "The farmer sold his mule yesterday" zanensu ɗaya ne: yesterday tana rataye ƙarƙashin sold ko daga gaba ta zo ko daga baya. Tambaya ma miƙar da ita ake yi ta koma zance. "Did the farmer sell his mule?" sai a ɗauko did daga farko a manna ta da sell a tsakiya, alamar tambaya a jefar. Abin da kawai ke rage na shaidar asali shi ne babban baƙin da ke kan kalmar farko, wanda ake bar mata duk inda ta faɗa. Waƙafi, aya, ruwa biyu, babu wanda aka yi wa tanadi. Masu sukar suna ganin wannan asara ce, tunda a Turanci jeri ne ke bambanta wanda ya ciji da wanda aka ciza, kuma marubuci kan kwana yana tunanin wace kalma zai gabatar. Amsar ita ce, kwanan da marubuci ya yi matsalarsa ce.

Sai dai adalci ya sa a faɗi wuraren da zane yake kama ɓarawo, domin akwai su. A duba "The policeman hit the thief with the umbrella." Lemar a hannun wa take? In ɗan sanda ne ya yi duka da ita, yankin with the umbrella ƙarƙashin hit zai rataya. In kuwa ɓarawon ne ke riƙe da ita, ƙarƙashin thief. Mai magana yana iya wucewa bai tantance ba, mai sauraro ma haka, amma mai zane ba shi da mafita, alli ba ya sauka a wuri biyu lokaci ɗaya. Haka kuma "Reading the newspaper, the mule bit the farmer." Marubucin yana nufin manomi ne ke karatun jarida aka cije shi. Da aka zo rataye reading sai aka ga ƙugiyar da nahawu ya ba ta tana jikin alfadari. Yaron da ya ga alfadari na karatun jarida a kan allo, da hannunsa ya zana shi, da wuya ya sake rubuta irin wannan jimla. Haka nan wanda ya jero kalmomi talatin ba aikatau, ranar da aka ce ya zana zai tarar da rami a tsakiyar layi.

Wannan ya kai mu ga ginshiƙin fannin, wanda littattafan koyarwa ba su cika bayyana shi ba saboda kunya. Kafin ka ɗora farmer a hagu, sai ka san shi ne aikau. Kafin ka jingine layi, sai ka san stubborn siffa ce ba karɓau ba. Kafin ka rataye lema, sai ka yanke hukuncin mai ita. Wato sharaɗin zana jimla shi ne ka riga ka san duk abin da zanen zai gaya maka. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin naƙasa. A nawa ganin ita ce babbar falalarsa, domin ilimin da ba ya gaya wa mutum sabon abu ba ya taɓa ɓatar da shi. Likitanci da lissafin taurari ba su kai wannan matsayi na aminci ba.

Da wannan aminci fannin ya yi mulki a makarantun Amurka shekaru da dama, musamman na Katolika, inda sistoci suka shahara da shi. Kitty Burns Florey ta rubuta littafi guda a 2006, Sister Bernadette's Barking Dog, don tunawa da wadda ta koya mata a aji shida. Gwanaye kan gwada ƙwanjinsu da gabatarwar tsarin mulkin ƙasar, wadda aka rubuta a Philadelphia a 1787. Jimla ɗaya ce mai kalmomi 52. Aikau yana farko, wato jama'ar ƙasa, aikatau kuwa sai can kusa da ƙarshe, bayan an jero manufofi shida a tsakani. In aka zana ta, jama'a da aikin da suka yi da tsarin mulkin da suka kafa suna ɗaukar ɗan layi gajere a sama, adalci da zaman lafiya da tsaro da walwala da 'yanci kuwa duk suna ƙasa a rataye, kowane a karkace. Ba a yi wannan da wata manufa ba, ƙa'ida ce ta kawo haka.

Marubuciya Gertrude Stein, wadda ta bar Amurka ta tare a birnin Faris, ta shaida a laccocinta da aka buga a 1935 cewa ba ta san wani abu da ya kai zana jimla sa zumuɗi ba. Shaida ce mai nauyi, ganin cewa ita ɗin ta yi ƙaurin suna wajen rubuta jimlolin da masu karatu ke shiga su kasa fita, kuma ba ta ga waƙafi da gashi ko kaɗan. Wanda ya tsani waƙafi ya samu fannin da babu waƙafi a cikinsa, ai dole ya yi zumuɗi.

Fitina ta taso a 1963, lokacin da Richard Braddock da abokan aikinsa biyu suka tattara binciken da aka yi kan koyar da rubutu, suka miƙa wa majalisar malaman Ingilishi ta Amurka rahoto. Abin da suka gano shi ne koyar da nahawu a keɓe ba ya ƙara wa rubutun ɗalibi wani abin a zo a gani, yana ma iya cutarwa tunda yana cinye lokacin da za a yi rubutun. A 1985 majalisar ta zartar da ƙuduri na hana dogaro da irin wannan atisaye. Kuskuren masu binciken a bayyane yake: rubutu suka auna. Da zane suka auna, da sun tarar cewa yaran da aka koya wa zana jimla sun yi wa waɗanda ba a koya wa ba fintinkau wajen zana jimla.

Ta wani ɓangaren kuma sababbin mazhabobi sun ɓullo. Lucien Tesnière, Bafaranshe, wanda littafinsa ya fito a 1959 bayan rasuwarsa da shekara biyar, ya tsige aikau daga hagu ya naɗa aikatau a ƙololuwa, kowa ya koma ƙarƙashinsa, har da manomin. Mabiya Noam Chomsky, tun daga littafinsa na 1957, suka ɗauki bishiya, wadda take riƙe jerin kalmomi yadda suka zo, abin da malaman Brooklyn suka kasa. Ita ce ta iso jami'o'inmu, ɗaliban sashen Hausa suna zana ta da sunan bishiyar li'irabi, yankin suna a hagu, yankin aiki a dama. Saiwarta a sama take, ganyenta a ƙasa, kuma an daɗe da daina tambayar dalili. A jami'ar Pennsylvania har rumbu aka yi mata, aka sa mutane suka yi wa kimanin kalmomi miliyan ɗaya na jaridar Wall Street Journal li'irabi, domin kwamfuta ta koya. Ta kuwa koya. Yau tana zana jimla kafin ƙiftawar ido, kuma in aka ba ta maganar ɗan sanda da lema, ita ma canka take yi.

Wani zai tambaya ko ana iya kwantar da jimlar Hausa a kan layin Reed da Kellogg. Ana iyawa, da sharaɗin haƙuri. "Manomi ya sayar da alfadari" tana hawa, in an sasanta inda ya zai zauna. "Alfadarin mai taurin kai ne" kuwa ba ta da aikatau, dirka ce ke riƙe da ita daga ƙarshe, gurbin tsakiya sai ya zauna fanko. Wanda ya kawo "Ai ni kam dai ban ce ba fa" ya kawo rigima, domin ai da kam da dai da fa ba su siffanta kowa ba, ba su yi wa kowa hidima ba, amma su ne ke nuna cewa mai maganar ya faɗa kuma yana neman hanyar zillewa. A ƙa'idar Brooklyn sai dai a kai su sama su yi shawagi tare da alas, a bar "ni ban ce ba" a kan layi, mutumin ya fita da gaskiyarsa.

Game da kayan aiki, fensir ake so, biro makaruhi ne, magogi kuma wajibi. Takarda a juya ta a kwance, a fara daga sama ta hagu, domin jimlar Turanci dama take bi tana gangarawa ƙasa, kuma mafari ba ya sanin yawan abin da zai rataya sai ya yi nisa. In takarda ta ƙare jimla ba ta ƙare ba, malamai sun yi saɓani. Mafi yawansu sun tafi a kan a liƙa wata takardar da gam a ci gaba. Wasu sun ce a goge a sake da ƙananan baƙaƙe. Abin da aka haɗu a kai shi ne ba a zagayawa bayan takarda, domin siffar da ta koma baya ta rabu da sunan da take siffantawa, kuma ba a ba ta maki.